Daga Akumari zuwa Sifirin: Tarihin Ɗaukar Nauyi a Bayan Babur a Ƙasar Damagaram

Garin Mirriya yana gabas da birnin Zinder da tazarar kimanin kilomita 20, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi ta nufi Gure da Diffa, kuma tun kafin a shimfiɗa kwalta a wannan hanya sunan garin ya fita saboda lambunansa, da tukwanen da ake ginawa a cikinsa, da kasuwarsa mai ci ranar Lahadi. Kayan lambu da tukwane da hatsin kasuwa duk buƙatarsu guda ce, wato abin da zai ɗauke su zuwa inda mai saye yake ba tare da sun fashe ko sun dagargaje a hanya ba, kuma a cikin ƙarni biyu da suka wuce wannan aiki ya tashi daga kan ɗan dako da bayan jaki da takarkari, ya bi ta amalanke da babbar mota, har kaso mai yawa daga cikinsa ya sauka a bayan babur. A bayan babur kuwa, abin da ke tsakanin nauyin kaya da ƙafar baya wani murɗaɗɗen ƙarfe ne da ake kira sifirin, wanda tsayinsa bai kai kamu guda ba, kuma zaɓen taurinsa ko laushinsa, wanda a Turai da Japan ya zama ilimi mai lissafi da ma'auni, a Damagaram ya gaji wata tsohuwar tambaya ta fatake, wato nawa baya zai iya ɗauka, kuma a jikin wa abin zai fito idan aka zarce.

Mirriya na cikin tsofaffin masarautun Sosebaki, tare da Wacha da Dungas, waɗanda suka riga daular Damagaram kafuwa, suka kuma shiga ƙarƙashinta a ƙarni na 19 lokacin da sarakunan Zinder suka yi ƙarfi. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin Zinder da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin garin, ya rasu a 1884, Zinder ta zama babban zango tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus, inda ake haɗa fatu da gashin jimina da bayi a tura arewa, a karɓi tufafi da takarda da bindigogi. Baturen Jamus Heinrich Barth ya bi ta wannan ƙasa a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa, ya kuma yi zama a Zinder kafin ya nufi Katsina. Duk wannan ciniki a bayan dabba yake tafiya, kuma kowace dabba tana da iyakar da kowane falke ya sani tun yana yaro: raƙumi mai doguwar tafiya yakan ɗauki wajen kilo 150, jaki kuwa kilo 50 zuwa 60, takarkari yana tsakaninsu. Sanin laftu sana'a ce mai zaman kanta a cikin ayari, domin sai an ɗora akumari, wato shimfiɗar da ke raba kaya da fatar jaki, sannan a raba nauyin gida biyu daidai wa daida a cikin mangala ko taiki, a ɗaure ta yadda kayan ba za su zame gaba a gangare ko baya a hawa ba. Wanda ya yi sakaci da wannan zai ga sakamakonsa bayan zango biyu ko uku, lokacin da miki ya buɗe a gadon bayan dabbar, ta daina cin abinci, ta zama nauyi ga ayarin da ta kamata ta sauƙaƙa wa. Abin lura a nan shi ne dabba tana da bakin ƙin yarda: raƙumin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa yakan yi ruri ya ƙi tashi, jaki yakan gurfana a tsakiyar hanya, don haka iyakar kaya tana bayyana tun kafin a bar zango.

Sojojin Faransa sun ci Zinder a 1899 bayan yaƙin Tirmini, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma birnin ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai. A shekarar 1911 ɗin ne kuma layin dogo ya iso Kano, abin da ya karya cinikin Sahara, ya juya fuskar Damagaram kudu, inda gyaɗar Magarya da Matamaye da Kance ta zama babbar hajar fitarwa. Motoci masu tafiya a kan sarƙa na kamfanin Citroën sun ratsa Zinder a ƙarshen 1924 a tafiyarsu ta keta Afirka, amma hanyoyin da aka share a waɗannan shekaru, galibi da aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai 1946, na burji ne da rairayi. Hanyar burji tana da wata cuta da duk matafiyi ya sani, wato gargada, waɗannan ƙananan kunyoyi da ke jeruwa a gicciye kamar an yi huɗa, waɗanda ƙafafun motoci ke haifarwa da kansu sa'ad da suke tsalle suna sauka a kan busasshiyar ƙasa. Gargada da rami da yashi su ne alƙalan da suka yi wa kowane babur hukunci a wannan ƙasa tun daga na farko.

Baburan farko da suka shigo ƙasar Hausa, na jami'an mulkin mallaka da ƴan mishan da wakilan kamfanoni, ba su da sifirin a ƙafar baya ko kaɗan, domin ana ɗaure ƙafar ne kai tsaye a jikin ƙarfen babur, sai dai a sa ƙananan sifirin biyu a ƙarƙashin sirdin direba. Da irin wannan babur, ƙirar Panther mai akwatin fasinja a gefe da tirela a baya, wasu mata biyu ƴan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a watan Disamba na 1934, suka keta Sahara ta Tamanrasset da Agadas, inda lalacewar inji ta tsare su makonni, suka sauko Kano, suka isa Cape Town a watan Yuli na 1935. Maƙera babur sun daɗe da sanin matsalar, domin kamfanin Indian na Amurka ya gwada sifirin na baya tun 1913, amma sun yi ta ɗari-ɗari da shi saboda ƙafar da aka ba damar hawa da sauka takan kuma yi lilo gefe da gefe idan ba a riƙe ta da kyau ba. Kamfanin BMW ya fito da wani tsari a 1938 inda ƙafar ke zamewa sama da ƙasa a kan gajerun sanduna biyu, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka daidaita a kan tsarin da ya wanzu har yau, wato wani hannun ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe da ƙafar baya, yana lilo a kan ƙusa guda a bayan inji, da sifirin ɗaya a kowane gefe. Baburan tsere na Norton na 1950, waɗanda ƴan'uwan nan McCandless na Belfast suka tsara jikinsu, su suka gamsar da masu shakka cewa babur mai laushin baya ya fi mai tauri riƙe hanya.

Dalilin wannan fifiko yana buƙatar bayani, domin shi ne mutane da yawa ba su gane ba har yanzu. Aikin sifirin na farko shi ne ya danna taya a ƙasa a kowane lokaci, jin daɗin mai zama yana biyo baya ne, domin tayar da ta tashi sama ko da na ƙiftawar ido ba ta birki, ba ta tura babur gaba, ba ta kuma hana shi zamewa a kwana. Masanin Ingila Robert Hooke ya wallafa ƙa'idar sifirin a 1678, cewa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa gwargwadon yadda zai lotsa, ta yadda in kilo 2 ya lotsa shi milimita 1, kilo 20 zai lotsa shi milimita 10. Wannan adadi, wato kilo nawa ake buƙata don a lotsa sifirin milimita guda, shi ake nufi da taurin sifirin, kuma shi ne lambar da ake zaɓa. Sifirin shi kaɗai kuwa ba ya isa, domin duk ƙarfin da ya haɗiye zai mayar da shi nan take, babur ya yi ta sukuwa bayan kowane rami, shi ya sa ake zura masa wani bututu mai cike da mai a tsakiyarsa, wanda kanikawa ke kira shokazoba, inda wani fistan ke tura man ta ƙananan huji yana rage saurin hawa da sauka. Sifirin ke ɗaukar nauyi, shokazoba ke kwantar da motsi, kuma kowannensu yana mutuwa ta hanyarsa: sifirin yakan gajarce ko ya karye, shokazoba kuwa ƙura takan cinye robar bakinta, man ya tsiyaye, ta zama bututu fanko da ba ta riƙe komai.

Taurin sifirin ya dogara ne a kan abubuwa uku da ido ke iya gani, wato kaurin wayar da aka murɗa, da faɗin zoben da aka yi da ita, da yawan zobban da ke aiki. Kaurin waya ya fi sauran tasiri nesa ba kusa ba, domin lissafinsa ana ninka shi ne sau huɗu a kan kansa, ta yadda wayar milimita 7 ta fi ta milimita 6 tauri da wajen kashi 85 cikin 100, ko da yake bambancin da ke tsakaninsu da ƙyar yatsa zai ji shi. Ƙara faɗin zobe yana tausasa sifirin, haka ma ƙara yawan zobba, abin da ke nufin cewa wanda ya yanke zobe biyu daga cikin goma ya ƙara wa sifirin tauri da kashi 25 cikin 100, ya kuma rage masa tsayi da wurin lotsawa. Akwai kuma sifirin da ake murɗa wani sashe nasa a matse, wani sashe a buɗe, domin ya fara da laushi a ƙananan gargada, sa'an nan in matsattsun zobban sun haɗe da juna ragowar su yi tauri su tari babban nauyi.

A Turai wannan lissafi ya fi damun masu wani nau'in babur da ya bayyana a tsakiyar shekarun 1970, wanda ya haɗa gudun babur ɗin tsere da juriyar na doguwar tafiya, irin su BMW R100RS na 1976, da Honda VFR750 na 1986, da ST1100 na 1990. Matsalar mai irin wannan babur ita ce yau yana shi kaɗai yana shan kwana a kan duwatsu, gobe ya goya matarsa ya rataya akwatuna uku ya nufi wata ƙasa, nauyin da ke bayan babur ya ninka, alhali sifirin guda ne. Mafitar da suka daidaita a kanta ita ce awon lotsawa: a ɗaga bayan babur har taya ta saki ƙasa a auna tazarar da ke tsakanin ƙusar ƙafa da wata alama a sama, a sauke shi mai shi ya hau da kayansa a sake aunawa, bambancin da aka samu ya kamata ya kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na dukan tafiyar da ƙafar ke iya yi. A babur mai tafiyar milimita 130 ke nan ana neman lotsawar milimita 33 zuwa 43, domin a bar kashi biyu cikin uku su tari tudu, ɗayan kuma ya ba taya damar miƙewa ta bi rami. Ana kai wa ga wannan awo ne ta juya wani zobe da ke matse sifirin tun kafin a hau, kuma a nan ne kuskuren da ya game duniya yake, daga Munich har Mirriya, domin matse zoben ba ya ƙara wa sifirin tauri ko na kilo guda, tsayin da babur zai tsaya kawai yake ɗagawa. Gwajin da ke tona asirin sifirin shi ne a sake auna babur ba kowa a kansa bayan an gama saiti: in an matse zobe har babur ya tsaya cak bai lotsa da nauyin kansa ba, to sifirin ya yi wa mai shi laushi, in kuwa yana lotsawa sosai shi kaɗai alhali mai shi bai ƙara masa wani abin kirki ba, to ya yi tauri. Ya kamata a ƙara da cewa lambar sifirin ɗin wani babur ba ta aiki a kan wani, domin tun da Yamaha ta ci gasar duniya ta tseren ƙasa a 1973 da sifirin guda a tsakiya, manyan babura suka koma ga wannan tsari, inda ƙafa ke tafiya ninki biyu ko uku na abin da sifirin ke lotsawa, kuma in ninkin uku ne sai sifirin ya yi tauri ninki tara kafin ya yi daidai da wanda ke tsaye a kan ƙusar ƙafa.

Mutanen Damagaram sun ga ƙololuwar wannan fasaha da idonsu, domin tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba na 1978, Cyril Neveu ya ci na farkonsa a kan Yamaha XT500, ya riƙa ratsa Nijar ta Agadas da Tenere, kuma a watan Janairu na 1986 ayarinsa ya sauka Zinder daga Agadem, ƴan kwanaki kafin wanda ya kafa tseren, Thierry Sabine, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali. Baburan wancan lokaci dogaye ne, ƙafarsu ta baya tana tafiyar da ta haura santimita 25, kuma darasinsu shi ne mugunyar hanya tafiya mai tsawo da sifirin mai laushi take so. Sai dai waɗannan babura baƙi ne masu wucewa, ba su bar komai a kasuwar Zinder ba.

Baburan da suka zauna ƙanana ne. Bayan samun ƴancin kai a 1960 ma'aikata da malaman makaranta suka fara sayen mobilet ta Faransa, daga baya ƙananan baburan Yamaha da Honda da Suzuki suka shigo, da yawansu ta Kano, wadda ke da nisan kimanin kilomita 240 ta hanyar Matamaye da Daura ko ta Magarya. Wanda ya fi kowanne tasiri shi ne Honda CG125 na 1975, wanda kamfanin ya tsara musamman don ƙasashe masu tasowa bayan injiniyoyinsa sun ga yadda ake lafta wa babur mutane da kaya, ana kuma jinkirta canza masa baƙin mai, kuma a kan tsarinsa ne aka kwaikwayi yawancin baburan Sin da suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma daga farkon shekarun 2000. Haya da babur, wadda ake kira kabu-kabu, masu bincike suna danganta bunƙasarta a Nijar da garuruwan kan iyaka irin su Birnin Ƙonni a lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, sa'ad da babur ya zama abin da ke iya bin hanyoyin daji da mota ba ta bi. Karyar da darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin mota da kayan gyaranta, rashin aikin yi ya tura samari neman abin yi, arahar baburan Sin irin su Kasea da na Indiya irin su Bajaj ta buɗe ƙofa, har kabu-kabu ya zama shi ne motar haya da motar asibiti da motar kaya ta ƙauyukan da ke kewaye da Zinder da Mirriya.

Wannan ƙaramin babur an ƙera bayansa ne don mutum biyu da ɗan ƙunshin kaya, da sifirin ɗaya a kowane gefe, da tafiyar da ba ta cika kai santimita 10 ba. Domin a ga abin da ke faruwa ranar kasuwa, a ƙaddara cewa kowane sifirin yana da taurin kilo 2 a milimita, su biyun kilo 4 ke nan, tafiyarsu kuma milimita 80. Nauyin bayan babur da kason direba da ke sauka a kansu, in ya kai kilo 100, zai ci milimita 25, wato daidai yadda ake so. In aka ɗora buhun gero mai tiya 40, wanda nauyinsa ya kai kilo 100, lotsawar ta kai milimita 50, in kuma mai geron ya haye bisa buhunsa da kilo 60 nasa, ta kai 65, saura milimita 15 kacal su tari duk ramukan da ke tsakanin ƙauye da kasuwa. Haka lissafin yake ga mai jigilar fetur a jarkoki, sana'ar da arahar man Najeriya ta raya shekara da shekaru a kan iyaka kafin a cire tallafi a 2023, domin jarka mai lita 25 ta kai wajen kilo 19, guda shida sun haura buhun gero. Idan wurin lotsawa ya ƙare, ƙarfe yakan bugi ƙarfe, bugun ya wuce kai tsaye zuwa kunnuwan da shokazoba ke rataye a jiki, da wayoyin ƙafa, da ƙashin bayan direba. Kayan da aka ɗaure a bayan ƙusar ƙafar baya kuma suna ɗaga gaban babur, kan ya yi sakwa-sakwa a hannu a cikin yashi, fitila ta koma haska saman itatuwa da idon masu tahowa. Babur, saɓanin raƙumi, ba ya ƙin tashi, yana ɗaukar duk abin da aka ɗora masa har ranar da wani abu ya karye.

Maganin da kanikawa da masu walda suka samo ya bi matakai, daga mai araha zuwa mai tsada. Na farko shi ne juya zoben da ke gindin sifirin, mai matakala galibi biyar, wanda bakanike ke bugawa da guduma da sukudireba in babu sifanarsa har ya hau matakin ƙarshe, inda yakan zauna har tsatsa ta kama shi. In wannan bai isa ba, sai a kwance shokazoba a cusa guntun bututu ko wasu faya-fayan ƙarfe a ƙarƙashin sifirin, abin da ke ɗaga bayan babur ya faranta wa mai shi rai a bakin gareji, alhali ya matso da zobban kusa da juna ta yadda za su haɗe tun kafin tafiyar ta ƙare. Mataki na gaba shi ne a cire sifirin na asali a sa na babur da ya fi girma, mai kaurin waya, sa'an nan na ƙarshe, wanda ake gani a wajen masu dakon kaya a ƙasashe da dama na Afirka, shi ne a yi waldar sababbin kunnuwa a ƙara shokazoba ɗaya a kowane gefe su zama huɗu, taurin ya ninka, a ƙarfafa kariyar ɗora kaya da rodi, a sa wa ƙafar baya wayoyi masu kauri. Gwajin da ake yi bayan aiki guda ne, wato bakanike ya dafa sirdi da hannu biyu ya danna da ƙarfinsa, in babur ya ƙi lotsawa a ce ya yi kyau.

Adalci ne a ce matakai biyu na ƙarshe suna kan ƙa'ida, domin nauyi mai yawa sifirin mai tauri yake so, kuma bakaniken da ya gano haka da hannunsa ya isa inda injiniya ya isa da alƙalami. Inda aka kauce shi ne a gwajin da ma'aunin zaɓe, domin ana zaɓen taurin ne don rana mafi nauyi a mako, sauran kwanaki shida kuwa direba yana yawo da fasinja guda ko shi kaɗai a kan babur da ya koma tamkar na 1934. A lissafin da ya gabata, sifirin huɗu masu taurin kilo 8 a milimita gaba ɗayansu za su lotsa milimita 12 ko 13 ne kawai a ƙarƙashin direba shi kaɗai, wanda ke nufin taya ba ta da wurin miƙewa ta bi rami, sai ta riƙa tsalle a kan gargada, birkin baya ya riƙa ja, kwana mai tsakuwa ta zama tarko. Ciwon baya da ƴan kabu-kabu ke kuka da shi yana da dalilai da dama, kuma wannan na cikinsu. Bugun da sifirin ya ƙi haɗiyewa jikin babur ke shansa, kuma yakan tsage ne a gefen sabuwar walda, inda zafi ya riga ya raunana ƙarfe. Kayan Mirriya na asali ma suna cikin masu asara, domin tulu da kwandon tumatir ba su da nauyin gero, girma gare su da rashin juriya, kuma sifirin da aka taurara don buhu shi ne ke fasa tukunya ya mayar da tumatir ruwa kafin a isa Zinder. Shokazobar da man ta ya tsiyaye kuwa ba a cika canza ta ba muddin sifirin da ke kewaye da ita bai karye ba, saboda ido ba ya ganin mutuwarta.

Masana'antu sun lura da wannan kasuwa, kuma amsarsu ta fi kusa da daidai. Bajaj tana sa wa ƙirarta ta Boxer sifirin biyu a kowane gefe, ƙarami a cikin babba, tare da dogon sirdi da kariya mai ƙarfi, sauran kamfanoni kuma suna amfani da sifirin mai murɗi iri biyu da aka ambata a baya, duk don babur ya yi laushi in babu kaya ya yi tauri in an lafta masa. A ɗaya gefen kasuwar, tun 2004 BMW ta fara sayar da babura da ake saita bayansu da maɓalli daga kan sitiyari, matsalar dai ita ce ta ɗan kabu-kabu, kuɗin maganin ne ya bambanta. Keke mai ƙafa uku, adaidaita sahu da takwaransa na dakon kaya, ya karɓi wani kaso na nauyin a cikin birane, musamman bayan Kano ta hana acaɓa, wato kabu-kabu, a watan Janairu na 2013, kamar yadda matsalar tsaro ta sa aka hana hawa babur a jihar Diffa a watan Fabrairu na 2015, amma keke ba ya shiga yashin da ke tsakanin ƙauyuka, don haka babur mai ƙafa biyu zai ci gaba da ɗaukar buhu a wannan ƙasa.

Abin da ya rage a hannun kanikawan Zinder da Mirriya da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu shi ne awon lotsawa, wanda ba ya buƙatar komai sai tef irin na tela da mutum biyu da ƴan mintuna. A auna babur da nauyin da ya fi ɗauka a yawancin kwanaki, a zaɓi sifirin da zai lotsa kashi ɗaya cikin uku a ƙarƙashinsa, a shafa wa zoben gindi mai domin a iya matse shi ranar Lahadi a sassauta shi ranar Litinin, a matso da buhu gaba ya zauna bisa ƙusar ƙafa maimakon bayanta, a kuma canza duk shokazobar da aka ga jikinta ya jiƙe da mai. Kayan da suka ci fiye da kashi biyu cikin uku na tafiyar sifirin bayan an yi duk wannan sun fi ƙarfin babur, sai a raba su sawu biyu ko a nemi amalanke.